Jujin Bakin Tur'a

A kambon Hausawa, wato zangon leburorin gona, da ke yamma da garin Haj Abdalla a yankin Jazira, can tsakiyar gonakin auduga, babu wanda bai san Barakatu matar Mati da ƙyanƙyami ba. Doguwar mace ce, ta ba arba'in baya, ga yawan yamutsa fuska. In ƙuda ya faɗa mata a fura, ba furar kaɗai za ta zubar ba, ƙwaryar ma sai ta sha toka ta yini a rana. Ba ta cin abincin biki, ba ta shan ruwa a gidan da ba ta ga randarsu ba. Matan kambo suna cewa ko ruwan alwala sai ta shinshina. Sana'arta kisra, gurasar dawa mai faɗi da laushi wadda mutanen ƙasar ke ci da miya. Ranar kasuwa takan ɗora tire a ka ta tafi Haj Abdalla, kafin azahar ta sayar ta juyo, don kowa ya san hannun da ya yi ta.

Sai Allah ya haɗa ta maƙwabtaka da abin da ta fi ƙi. Gidansu ne na ƙarshe a kambo, bayansa kuma tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonaki. Tsakanin dangarsu da tur'ar akwai wani fili mai tsohon gawo, a nan duk kambo ke zubar da shara. Tun ana zuba toka da ɓawon albasa har wurin ya zama juji. Mahauci ya kawo kashin tumbi da ƙaho, wanda jakinsa ya mutu ya jawo mushen, mata su juye ruwan wanke-wanke da tsummokaran jarirai. Har gwangwanayen maganin ƙwarin auduga, waɗanda ake yarwa bayan feshi, suna nan zube da hoton ƙoƙon kan mutum a jikinsu. In iska ta juyo daga can, Barakatu takan toshe hanci da bakin mayafi tana shafa kisra tana tsaki, tana ambaton masu zubarwa ɗaya bayan ɗaya. Mati yakan ce ta yi haƙuri, su ba masu ƙasa ba ne. Shi noman raba-daidai yake yi a hawashar Abdussalami, gonar da hukumar noma ta yanka wa uban Abdussalami tun zamanin Turawa. Abdussalamin ne kuma shehun kambo, wato mai unguwa.

Wata shekara cikin shekarun saba'in, da aka gama cirar auduga, lorori suka zo suka kwashe 'yan ci-rani kamar yadda aka saba, bukkokinsu aka rushe. Zafi ya sauko, ƙasa ta tsattsage. Ana cikin haka wata safiya akuyar Barakatu ta tsinke igiya ta yi bayan gida. Ta bi ta tana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake garwashi, sai ta ga hayaƙi na tashi daga gindin gawo.

Wani tsoho ne zaune a kan yagaggen buhu, ya miƙe ƙafa ɗaya a gabansa. Ƙafar ta kumbura ta kusa kai girman turmin daka yaji, an naɗe ta da tsumma wanda ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa, ƙudaje sun rufe ta baƙi ƙirin. A hannunsa akwai waya, ya soke wani guntun hanji yana gasawa. Barakatu ta gane hanjin, don jiya ta ga karnuka na ja-in-ja a kansa. Can bakin ruwa kuma wata mace ce tsugune, ramammiya, kanta ba ɗankwali. Ta tsoma ɗaya daga gwangwanayen maganin cikin tur'a, ta hure gansakukar da ke sama, ta kafa baki.

Barakatu ta yi musu sallama da Larabci, a zatonta baƙi ne daga wata uwa duniya. Tsohon ya ɗago ya amsa mata da Hausa, irin ta mutanen Sakkwato, tsaf kamar ta kakanta. Ya ce sunansa Jibril, matar kuma Huseina, ba 'yarsa ba ce, juji ne ya haɗa su. Ya ɗaga wayar ya ce mata bismilla.

Ba ta san yadda ta iso gida ba. A bayan madafa ta durƙusa ta amayar da duk abin da ke cikinta, ta wanke baki, ta sake wankewa. Ranar ba ta je kasuwa ba, ko ƙullun ba ta iya kallo ba. Da Mati ya dawo ta faɗa masa abin da ta gani, sai ya ce ai suna nan tun tafiyar lorori, kowa ya sani. Tsohon ƙaya ce ta soke shi a gona wasu shekaru da suka wuce, ƙafar ta ruɓe, mai lori ya ƙi ɗaukarsa saboda wari. Ita kuwa matar zazzaɓi ya kayar da ita, mijinta ya hau lori ya ce zai dawo. Barakatu ta tsaya tana kallon mijinta yana ba da labarin yana cin tuwo, loma na bin loma. Wannan "kowa ya sani" ya fi hanjin tayar mata da zuciya.

Washegari ta tafi wurin Abdussalami. Ta same shi kishingiɗe a kan angarib, gadon igiya, a rumfar ƙofar gida, yana shan gahawa, ana lissafa masa guzurin aikin hajji da zai tafi a ƙarshen shekara. Ya saurare ta yana sakace. Ya ce gaskiya ta faɗa, wurin nan ya yi wari, kuma tun da waɗannan 'yan gararamba suka sauka abin ya ƙaru, amma ta kwantar da hankalinta, zai sa a kore su. Yana cikin magana uwargidansa ta fito da kwanon ruwan kifi da ƙaya, ta nufi hanyar bayan gidan Barakatu. Shi kuma ya kakaro majina ya tofar dab da ƙafarta.

Barakatu ta ja ƙafa baya ta ce, "Shehu, su ai ba su da abin zubarwa. Duk abin da ke wurin daga gidajenmu ya fito."

Ya yi dariya ya ce to in ta damu sai ta share. Bai kori kowa ba, don ko wannan aiki ne, kuma shi bai saba da aiki ba.

Ba tausayi ne ya fitar da Barakatu ba, ita ma ba ta yaudari kanta ba. Abin da ta sani shi ne ba za ta iya sa loma a baki ba alhali ta san abin da ake ci a bayan dangarta. Ta daka kanumfari ta ƙulle a ƙyalle ta ɗaure hanci, ta ɗauki fartanyar Mati da wani tsohon kwando, ta fita tun da sanyin safiya. Ta zaɓi wani kwari can nesa da ruwa ta fara haƙa rami. Baƙar ƙasar nan ta Jazira in ta bushe kamar ƙarfe take, fartanya na tashi tana dawowa. Ta yi ta fama har tafin hannunta ya yi ruwa. Da ramin ya ɗan yi zurfi sai ta fara jan shara. Ƙarƙashin abin da ido ke gani akwai abin da ya fi shi muni: tsutsotsi farare fal suna motsi kamar shinkafa na tafasa, fatar tunkiya da ta narke, haƙarƙarin jaki da sauran jijiya a jiki. Takan ja kwando ɗaya ta koma gefe ta yi kakarin amai, ta tofar da yawu, ta dawo.

Ba ta nemi taimako ba. Amma da ta juyo wani lokaci sai ta ga Huseina ta kama ɗaya gefen haƙarƙarin jakin. Suka ja shi tare har rami.

Gwangwanayen maganin ta tara su wuri ɗaya, ta kawo ƙusa da dutse ta huda gindin kowanne, don kada wani ya ƙara shan ruwa da su. Tana da wata tsohuwar randa mai karyayyen baki da ta jingine, ta mirgino ta gindin gawo, ta kafa ta a kan duwatsu. Ta nuna wa Huseina yadda za ta tace ruwan tur'a da ƙyalle, ta daka 'ya'yan zogale ta zuba, ta bari laka ta kwanta kafin a sha. Duk mai yin kisra tana da gefe-gefen da suka ƙone da waɗanda suka yage, da akuya take ba. Yanzu sai ta riƙa tara su a wata tasa, ta zuba ragowar miyar kuɓewa, ta miƙa ta saman danga. Tasar ba ta sake shiga gidanta ba. A waje take rataye, in Huseina ta wanke ta mayar, Barakatu da tsinke take ɗaukowa.

Damina na matsowa, gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba zai tare ko yayyafi ba. Karan auduga ga shi tuli a gonaki, amma doka ta ce a tumɓuke a ƙone ƙurmus saboda cuta, wanda aka kama da shi a gida ya shiga uku. Sai Barakatu ta kwance tsohuwar dangar karan dawa da ke tsakanin madafa da turken akuya. Ta bi wurin awon auduga ta tsinto buhunan da suka yage aka yar, ta wanke su da toka, ta zauna da basilla ta ɗinke su. Mati yana gani, sai gunaguni yake yi cewa mace ta rushe gidanta don ta gina na wasu. Amma wata safiya ta tarar da dirkoki masu baki biyu jingine a jikin danga, sabon sara, kuma ba ta tambayi wanda ya kawo ba. Ita da Huseina suka kafa 'yar rumfa, suka raba ta biyu da buhu, gefe na tsoho gefe na mace, suka yaɓe ƙasan da laka.

Ƙafar Jibril ce kaɗai ta gagare ta. Takan kawo ruwan zafi da gishiri ta ajiye daga nesa, ta juya baya, Huseina ta wanke. Sau ɗaya ta waiga, ta yi da-na-sani. Ƙafar duk huji ce, kowane huji na tsatsar da ruwa da wasu ƙwayoyi baƙaƙe ƙanana. Ta ce wa Huseina a riƙa dafa tsummokaran ana shanyawa, waɗanda suka wuce dahuwa a ƙone. Tsohon ya lura da yadda take riƙe numfashi in ta matso. Wata rana ya ce mata, "Ki daina ɓoye fuska, ɗiyata. Ni ma ƙyamarta nike. Wurin ajiye ta ne ban da shi."

Ta ce a kai shi asibitin birnin Madani, ita za ta yi wa mai lori magana. Ya ƙi. Ya ce ya ji labari, yanke ta za su yi, shi kuwa da ƙafafun nan biyu ya baro gida tun yana da baƙin gemu da niyyar Makka, yana tafe yana ƙwadago, kuma da su zai ƙarasa. Barakatu ta dubi ƙafar, ta dubi gabas.

Da ruwa ya sauka, ta lura da 'ya'yan dogon yaro da suka tsiro barkatai ƙarƙashin itatuwan tashar jirgin ƙasa ta Haj Abdalla, mutane na takawa. Duk ranar kasuwa sai ta ciro kaɗan da ƙasarsu ta ƙunso a ganye. Ta cika gwangwanayen nan hudaddu da ƙasa ta dasa a ciki, da suka kama ta mayar da su filin da ta share, ta kewaye kowanne da ƙayar bagaruwa. Awaki suka cinye wasu, wasu suka ruɓe, wasu suka tsaya. Huseina ce ke zuba musu ruwan da aka yi wanka da alwala. Jibril kuwa daga zaune yake korar awaki da tsakuwa, kuma hannunsa bai cika kuskure ba.

Mutanen kambo ba su daina zuwa da shara ba. Barakatu takan tsaya a bakin danga, duk wadda ta gani da kwano ta kira sunanta ta nuna mata rami. Wasu suka bi, don ramin bai fi 'yar tafiya kaɗan ba. Wasu kuwa sai sun faki idonta su juye a inda suka saba su ruga. Aka sa mata suna Sarauniyar Juji. Wannan bai dame ta ba. Abin da ya ci mata rai shi ne maganar da maƙwabciyarta Dije ta kai kasuwa, wai hannun da ke shafa kisra shi ke kwasar tsutsa. Masu saye suka fara wucewa suna kallon gefe. Ita da ke wanke hannu da toka da sabulu har fatar ta yi fari, ita aka mayar ƙazama, kuma wadda ta faɗa ɗin ita ce mai shanya tsumman ɗanta a kan murfin randa. Barakatu takan dawo da rabin tire, ta zauna tana huci. Ragowar dai ba ta yi asara ba, ta saman danga take wucewa.

Da auduga ta yi fure jirgin feshi ya fara zagayawa. Yakan yi ƙasa-ƙasa har kaji su watse, ya bar wani farin hazo mai ɗaci a maƙogwaro, kuma ba ya bambance gona da tur'a. Bayan wucewarsa kifaye suka taso ruwa ciki sama, manya da ƙanana, har da kwaɗi. Kafin rana ta take wurin ya ɗauki wari. Barakatu ta ga mutane da kwanduna suna tsinta, wasu don miya, wasu don su shanya su kai kasuwa su sayar wa wanda bai sani ba. Ta yi magana, aka ce mata Allah ne ya kawo. Ta tarar Jibril ma ya jawo wani tarwaɗa da sandarsa yana shirin fasa ciki. Ta sa ƙafa ta shure kifin, ta ce in yunwa ce ya faɗa. Ita da Huseina suka bi bakin ruwan iya tsawon filin suna kwasa da kwando, kifin na fashewa a hannu, suka binne, suka rufe randa da buhu har ruwa ya sauya. Kwana da kwanaki Barakatu tana jin ƙarnin a gashin hancinta.

Da sanyi ya shigo, Abdussalami ya dawo daga Makka. Aka shafe ƙofar gidansa da farar ƙasa, aka kafa babbar rumfa, aka gayyato baƙi daga Wad Haddad har Madani. Aka kayar da bijimi da raguna. Barakatu tana madafa da hantsi ta ji Huseina na kiranta a hankali ta bayan danga. Ta leƙa. Mahautan sun ga ramin ya yi musu nisa, sai suka juye kashin tumbin bijimin da jini da majinar hanji a tsakiyar filin da aka share, dab da bakin rumfar Jibril, a kan ƙananan itatuwan. Abin yana tururi, kore shar, ƙudaje har sun sauka. Barakatu ta ciji leɓe ta ce a bari taro ya watse.

Bayan azahar aka fara fito da tirukan da baƙi suka ci suka rage. Shinkafa ce da nama da gurasa jiƙe da romo, abin da zai ciyar da gida guda. Matan gidan Abdussalami suka zo da su, suka wuce mutum biyu da ke zaune suna kallo, suka kankare tirukan a kan tulin kashin tumbin, suka juya suna hira. Ba wadda ta ce ungo. Barakatu na tsaye ta ga Huseina ta matsa, ta tsuguna, ta miƙa hannu tana zaɓen shinkafar da ke sama-sama wadda ba ta taɓa ƙazantar ba.

Barakatu ta daka mata tsawa ta ce ta ajiye. Ta shiga gida ta ɗauko babban daron wanki, ta sa fartanya ta cika shi da abin nan duka, kashin da jinin da shinkafar. Ta ce wa Huseina ta ɗora mata. Daron ya yi nauyi, ruwan na tsiyaya ta gefe yana bin wuyanta yana shiga rigarta, ɗumi-ɗumi. Ta ratsa kambo a haka, mutane na darewa suna toshe hanci, har rumfar baƙi.

Abdussalami yana tsakiya cikin farar jallabiya da rawani, yana ba baƙi labarin tsabtar Harami, yadda dutsen ƙasan ke ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa. Barakatu ta yi sallama, ta durƙusa, ta sauke daron a gabansa a kan tabarma. Ba ta zubar ba.

Ta ce, "Haj, barka da sauka. An yi mantuwa a bayan gidana, na kawo maka kayanka."

Masu riƙe da kofin shayi suka ajiye. Wani dattijo Balarabe daga Wad Haddad ya rufe hanci da gefen rawani ya tambaya mene ne wannan. Barakatu ta amsa masa da Larabci, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sadakar Haj ce, haka aka kai wa wasu bayin Allah biyu da ke kwana a bakin tur'a, ta ga kamar an haɗa musu da abin da ba a yi niyya ba. Dattijon ya dubi daron, ya dubi mai gida, ya nemi takalmansa. Abdussalami ya ce mahaukaciya ce, duk kambo an sani, a fitar da ita. Ba sai an fitar da ita ba. Ta tashi ta tafi, ta bar musu daron. A gida ta yi wanka har sabulu ya ƙare, rigar kuwa ta cusa ta a murhu.

Da aka gama sussukar dawa, Abdussalami ya aiko wa Mati cewa baɗi ya nemi wata gona. Mati ya daina yi mata magana, yana cin abincinta yana kallon bango. Da aka buɗe cirar auduga suka ɗauki buhu su biyu suka shiga layi da 'yan ci-rani, aikin da suka bari tun suna sabon aure. Barakatu ba ta ce ta yi nadama ba, ba ta kuma ce ba ta yi ba. Ta dai san bayanta na ciwo, kuma wari ya ragu a madafarta, don tun ranar daron ko masu fakon ido sun koma zuba shara a rami.

Cikin wannan sanyin Jibril ya rasu. Huseina ce ta same shi da safe ya juya fuska gabas, ƙafar a miƙe. Liman ya zo da 'yan mutane, suka tsaya nesa da rumfa. Ya ce sai a samu mai wanka. Maza suka sunkuyar da kai, kowa na nazarin yatsun ƙafarsa. Aka yi ta tsayuwa har abin ya zama kunya. Sai Mati ya tuɓe rigarsa ta sama ya rataye a danga, ya naɗe hannu, ya ce wa matarsa ta ɗora ruwa. Maganar da ya fara yi mata ke nan tun ranar aiken. Ta dafa ruwan, ta kawo sabon sabulu, ta buɗe akwati ta ciro farin yadin da ta ajiye ba ta taɓa ɗinkawa ba.

Wajen sallar jana'iza sai ga Abdussalami da carbi, ya kutsa sahun gaba. Bayan an sallame ya juyo yana gaya wa mutane cewa mamacin baƙon kambo ne, sun riƙe shi sun ciyar da shi saboda Allah, haka Musulunci ya ce. Wasu suka gyaɗa kai. Barakatu tana jin sa daga bayan danga. Yawu ya taru mata a baki, ta nemi wurin tofarwa, ta ga ko'ina a share yake, sai ta tafi har rami.

Da aka dawo daga maƙabarta ta ƙone buhun da tsohon ke kwana a kai, ta watsa toka a rumfar, ta bar ta tsaye, don ta san in lorori suka tashi bana ma za su bar wani. Sannan ta ce wa Huseina mace ba ta kwana ita kaɗai a bakin ruwa, ta shigo ta zauna a ɗakin ajiyar dawa. Amma da sharaɗi. Sai ta yanke farce, ta yi wanka da ruwan zafi, tufafin jikinta kuma wuta za su ci. Huseina ta yarda da duka.

Saura kai. Barakatu ta zaunar da ita a tsakar gida cikin rana, ta shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ta kawo kananzir da matsefi. Gashin ya dunƙule kamar saƙar buhu. Tana tsagawa ƙwarƙwata suka fara zubowa a kan ƙyallen, manya, ƙosassu, suna tafiya. Ta kawar da fuska ta yi tsaki, ta ce ita dai ba ta san laifin da ta yi wa duniya ba. Huseina ta ce ta bari in ba za ta iya ba, ita za ta aske shi duka.

"Zauna daidai," in ji Barakatu. "Gashi mai kyau haka wa zai aske?"

Ta ƙara kananzir a tafin hannu, ta kama wani ɓangaren.